Tambayoyin Masu Karatu: Ƙasar Nijar Tana Motsi?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon kan girgizar ƙasa ne da tsagewar gidaje. Mun miƙa su ga masu nazarin duwatsu da ƙasa da kuma masanin gini, ga abin da suka amsa.

Assalamu alaikum. Tun da girgizar ƙasa ta afka wa Maroko a 2023 hankalina bai kwanta ba, domin ɗana can yake karatu. Mu nan Yamai fa, irin wannan za ta iya samun mu?
Wata uwa, unguwar Yantala, Yamai

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya tsare yaron. Ki kwantar da hankalinki, Yamai tana cikin wuraren da girgizar ƙasa ba ta cika ziyarta ba a duniya. Sai dai ba za mu ce miki abin ba ya yiwuwa sam ba.

Ɓawon ƙasa ba guda ɗaya ba ne, manyan faya-fayai ne masu tafiya sannu a hankali, kuma mafi yawan girgiza a bakin iyakarsu take aukuwa. Faifan Afirka yana matsar na Turai da kimanin milimita 4 zuwa 6 a shekara ta wajen Maroko da Aljeriya. Duwatsun da ke gefe biyu na wata karaya, wato doguwar tsaga a cikin ɓawon ƙasa, suna maƙale da juna, matsi yana taruwa a kansu shekara da shekaru. Kamar a lanƙwasa karan dawa ne: zai yi ta jurewa, sannan ya ɓalle farat ɗaya. Ɓallewar nan ita ce girgiza. Haka aka yi a daren 8 ga Satumba 2023 a duwatsun Atlas, da ƙarfin maki 6.8, mutum kusan 3,000 suka rasu, yawancinsu a gidajen ƙasa da na dutse. Aljeriya ta ga tata a El Asnam a 1980 da Bumardas a 2003.

Tsakanin Yamai da wurin da ta Maroko ta tashi akwai fiye da kilomita 2,000. Mu a tsakiyar faifai muke zaune. Yammacin kogin Isa, wato Liptako da Gurma, tsohon dutse ne mai kauri wanda shekarunsa suka haura miliyan 2,000, ya daɗe da sanyaya da daidaita. Daga Yamai zuwa Doso da Tawa kuma babban kwarin Iwillimmedan ne, inda rairayi da laka da farar ƙasa suka kwanta hawa-hawa a kan tsohon dutsen.

Amma tsakiyar faifai ma tana da tsofaffin karayu, kuma matsin da ke tasowa daga nesa yakan tashe su. A ranar 22 ga Disamba 1983 girgiza mai maki sama da 6 ta auku a yankin Gawal da Kumbiya na arewa maso yammacin Gine, inda babu wanda ya taɓa sa ran haka. Ɗaruruwan mutane suka mutu, ƙasa ta tsage tsawon wajen kilomita 9. Akra ta Gana ta sha girgiza mai ɓarna a 1862 da kuma Yunin 1939. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ji ƙananan motsi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Don haka masanin da ya ce Afirka ta Yamma ba ta girgiza, bai duba tarihi ba. Abin da za a iya faɗa shi ne a nan tazarar da ke tsakanin babbar girgiza da wata a kan karaya guda takan kai dubban shekaru.

Ni ɗalibi ne a sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni. Ina son rubuta kundin kammala karatuna kan karayu masu rai. Ta yaya ake tabbatar da cewa karaya tana da rai, ba matacciya ba ce?
Wani ɗalibi, Harobanda

Malam ɗalibi, ka ɗauko aiki mai wuya, kuma wuyarsa ba rashin karayu ba ne. Nijar cike take da su. Akwai karayar Arlit da ta miƙe kudu da arewa har cikin Aljeriya, wadda ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akuta suke jikinta. Akwai ta Kandi da ta ratso arewacin Benin ta doso wajen Gaya. Akwai tsofaffin ramukan Tenere, irin su Tarmit da Tefidet, da suka buɗe fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, inda man Agadem ya taru. Wuyar ita ce nuna yaushe karaya ta yi motsinta na ƙarshe.

Fara da ma'aunin da za ka bi, ka rubuta shi ƙarara a shafin farko. A Kaliforniya, karaya mai rai ita ce wadda ta motsa cikin shekaru 11,700 na baya-bayan nan. A ƙasa mai jinkirin motsi irin tamu wannan ya yi kaɗan, shi ya sa masana da yawa ke duba dukan shekaru miliyan 2.6 na ƙarshe. Yi lissafi ka gani: karayar da ke tara kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara, sai ta shekara 10,000 kafin ta tara mita ɗaya da za ta saki a girgiza guda. Shirunta na shekara ɗari bai nuna komai ba.

Aikin yana farawa a kan kwamfuta, da hotunan tauraron ɗan'adam da taswirar tudu da kwari. Ana neman layi miƙaƙƙe, ko gangare mai kaifi, ko ƙoramu da dama da suka karkace wuri guda zuwa gefe guda. Nan ɗalibai suka fi faɗawa rami. Sai a ja layi ɗari a kan hoto a kira su duka karayu. Wani layin jijiyar baƙin dutse ne da ta kutso, irin waɗanda suka yi yawa a Liptako. Wani tsohuwar hanyar shanu ce, wani bakin tudun rairayi. Layin da ba a taka shi da ƙafa ba, layi ne kawai.

A fili, ka nemi fuskar karayar a bangon ƙorama ko ramin haƙar tsakuwa. Za ka ga dutsen ya goge ya yi sulɓi, da ƴan kartoci a jere. Da kamfas mai auna gangare za ka rubuta inda fuskar ta dosa, da yawan kwanciyarta, da inda kartocin suka nufa. Shafa tafin hannu a kai: ta gefe ɗaya santsi, ta ɗayan kaushi, wannan yakan taimaka wajen gane ɓangaren da ya goce. Awo biyu ko uku ba sa isa. A kowane wuri ka tara aƙalla 15 zuwa 20 kafin ka yi maganar inda matsin ya fito.

Sai babbar tambaya: wane shimfiɗi mafi ƙuruciya karayar ta yanka, wane kuma ya rufe ta bai tsage ba? Motsin ƙarshe yana tsakanin shekarun waɗannan biyun. Jan dutsen rairayin da ya yi tuddan kewayen Yamai da marmarar da ke kansa shekarunsu miliyoyi ne, don haka ganin karaya a cikinsu yana nuna motsi ne bayan kwanciyarsu, bai nuna tana da rai yau ba. Shaidar da ke da nauyi ita ce ta yanka matakan tsakuwar kogin Isa, ko ƙasar da ta cika dallol, ko tsayayyun tuddan rairayi na lokacin babban farin da aka yi wajen shekaru 20,000 zuwa 12,000 da suka wuce. Ka yi hattara da bakin tudu: ruwa yana cinye lakar da ke ƙarƙashin marmara, marmarar ta karye ta zame, ta bar gangaren da ya yi kama da na karaya sak. A Adar kuma narkewar farar ƙasa a ƙarƙashi takan sa sama ta lotsa.

In wuri ya cancanta, kafin haƙa a yi awon lantarki don gano inda karayar ta bi a ƙarƙashin ƙasa: a jera turakun ƙarfe 48 ko 64, tazarar mita 2 zuwa 5, a gicciye layin. A kan busasshiyar marmara lantarki ba ya shiga, sai an zuba ruwan gishiri a gindin kowane turke, in ba haka ba sakamakon shirme ne. Daga nan a haƙa rami mai giciye karayar, tsawon mita 20 zuwa 40, zurfin mita 2 zuwa 3. A yi masa matakai ko a tokare bangon da katako, domin ramin rairayi yana rufta wa mutum ba sallama. A kankare bangon tas, a ɗaura zare mita-mita, a zana kowane shimfiɗi a kan takarda. Abin nema shi ne shimfiɗin da ya yanke ya sauka, da tarin ƙasar da ta zubo a gindin gangaren bayan girgiza.

Shekaru kuma hanya biyu ake samun su. Gawayi ko katantanwa ana auna su da kabon 14, wanda ba ya wuce shekaru wajen 50,000. Matsalarsa a nan, gawayi yana da wuyar samu, wanda aka samu ma wataƙila ruwa ne ya kwaso shi daga tsohon wuri. Hanya ta biyu ta fi dacewa da Sahel: auna lokacin da ƙwayar rairayi ta ga hasken rana na ƙarshe. Ana buga bututu marar shigar haske, faɗin santimita 4 zuwa 5, tsawon 25 zuwa 30, a kwance cikin bangon, a toshe bakinsa biyu nan take. Haske ya taɓa cikin, samfurin ya lalace. Babban abokin gaba kuwa gara ce. Tana hawa da ƙasar ƙasa sama, ta cakuɗa shimfiɗai, ta ba ka shekarun ƙarya. Duk inda ka ga ramukanta ko tsohon suri, matsa gaba.

Kada ka dogara da na'urar GPS ta awo ko hotunan radar na tauraron ɗan'adam Sentinel-1 su kaɗai. Radar tana dawowa wuri duk kwana 12, tana iya ganin motsin santimita ko ƙasa da haka, amma damshin iska da ciyawar damina da tafiyar rairayi suna rikita ta. Turken GPS da aka kafa a laka zai yi ta hawa da sauka tsakanin rani da damina fiye da motsin da kake nema. A kan dutse ake kafa shi, a kuma jira shekaru. Shawararmu: ɗauki karaya guda, ko ma kilomita biyar nata, ka yi mata aiki sosai. Kundin da ya nuna da hujja cewa karaya kaza ba ta motsa ba tun shekaru kaza, ya fi wanda ya cika taswira da jajayen layuka.

Wai da gaske akwai na'urar jin girgizar ƙasa a Nijar? Kuma yaya ake sanin inda girgiza ta tashi?
Wani malamin makaranta, Tawa

Akwai, Malam. A Torodi, kudu maso yammacin Yamai, akwai tashar da ke cikin jerin tashoshin hukumar sa ido kan gwajin makaman nukiliya mai hedikwata a Biyana. Na'urori ne da dama da aka warwatsa a fili, suna aiki tare. An zaɓi wurin ne saboda tsohon dutsen Gurma da nisansa daga teku, ƙasar ba ta da hayaniya, ana jin motsi daga nesa ƙwarai. Ta arewa kuma akwai tsohuwar tashar Tamanrasat a Aljeriya.

Girgiza tana aiko da igiyoyi iri biyu ta cikin dutse. Ta farko, P, tana gudun wajen kilomita 6 a daƙiƙa. Ta biyu, S, wajen kilomita 3.5, kuma ita ce mai jijjiga gini gefe da gefe. Ana duba tazarar isowarsu a ninka da 8: daƙiƙa 30 na nufin kimanin kilomita 240. A zana da'ira a kewayen tashar, wadda daga tashar zuwa bakinta ya kai wannan nisan. Da'irar tasha uku in sun haɗu, nan ne wurin. Wannan za ka iya gwada shi da ɗalibanka da taswira da zare.

Nan ne gibinmu yake. Tashoshin yankin sun yi nisa da juna, ƙaramar girgiza mai maki 2 ko 3 a Ayar ko Adar za ta iya wucewa ba a tantance wurinta daidai ba. Ƙananan nan kuwa su ne ke nuna wace karaya ce ke numfashi. Ayar musamman ta cancanci a sa mata kunne, ganin tana da duwatsun aman wuta da ba su tsufa ba sosai, da ruwan zafi irin na Tafadek.

Game da maki, ka sani kowane ƙarin maki ɗaya ƙarfin da aka saki yana ninkuwa wajen sau 32, maki biyu sau 1,000. Amma ɓarna ba maki kaɗai ke kawo ta ba. Ta Agadir ta Maroko a 1960 ba ta kai maki 6 ba, ta kashe sama da mutum 12,000, don ta tashi kusa da sama, daidai ƙarƙashin gari, da dare.

Gidana na bulo bai fi shekara huɗu ba, yana kusa da fadama. Bango ya tsage daga kusurwar taga zuwa sama. Da rani tsagar tana buɗewa, da damina ta matse. Maƙwabta sun ce ƙasa ce ke motsi. Girgiza ce a ɓoye?
Wani maigida, Badagishiri

Alhaji, ka ba da amsar da kanka. Karayar ƙasa ba ta san rani da damina ba. Abin da ke buɗewa da rani ya rufe da damina laka ce mai kumbura, kuma kwarurukan Adar da Majiya suna da ita. In ta sha ruwa ta tashi, in ta bushe ta janye. Gefen gida yana jiƙa da bushewa, tsakiya tana nan yadda take, sai harsashin ya lanƙwashe, bango ya tsage ta inda ya fi rauni, wato kusurwar taga da ƙofa.

Kada ka yi saurin toshewa da siminti. Fara aunawa. Tsagar da ba ta kai milimita 2 ba yawanci ba ta gaggawa ba ce. Wadda ta wuce haka, ko ta ratsa bango har ana ganin ta ciki da waje, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, tana son magini mai ilmi ya gan ta. Kankare filastar wurin, ka manna ɗan dunƙulen farar ƙasa ta jibs mai kaurin rabin santimita a giciye, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya karye, tsagar tana tafiya. Ka bi ta shekara guda cur. Don gwada ƙasar, kwaɓa lakar gindin harsashi ka yi sanda mai tsawon santimita 10, ka bar ta ta bushe a inuwa. In ta ragu da kusan santimita ɗaya, lakar mai kumbura ce.

Maganin yana wajen ruwa. Duba indararo: in yana zuba a gindin bango, a ƙara masa tsawo ko a yi masa magudana. A zagaye gidan da daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai gangarawa waje. Masai da ramin ruwan wanka su yi nesa da harsashi, a kuma duba ko bututun famfo yana yoyo. Dogon yaro da aka shuka jikin bango yana tsotse damshin gefe ɗaya da rani; tazararsa da gini ta kai aƙalla tsayinsa in ya girma. Mai sabon gini a irin wannan ƙasa ya kai harsashi mita 1.2 ko fiye, zurfi ɗaya ko'ina, ba rabi a kan dutse rabi a kan laka ba.

A Yamai matsalar ta wani gefen ce. Unguwannin bakin kogi irin su Saga da Kirkisoy da Lamorde, waɗanda ambaliyar 2020 ta shafa lokacin da kogin ya kai wajen mita 7, suna kan rairayi da laka masu laushi, ruwa yana kusa. Ginin can yana nutsewa ba daidai ba ko babu girgiza. In kuma girgiza ta zo, irin wannan ƙasa ce ke ƙara mata ƙarfi, jiƙaƙƙen rairayi ma yakan saki ya kasa ɗaukar gini.

Ana cewa yawan haƙa foraj da haƙar ma'adinai da madatsar Kandaji za su jawo mana girgiza. Gaskiya ne?
Wani mai haƙar rijiya, Yamai

Malam, a raba su. Foraj na ruwan sha ba ya kawo girgiza. Ko masu zurfin Adar ɗaruruwan mita ne, girgiza kuwa daga kilomita 5 zuwa 20 take tasowa. Illar yawan zuƙar ruwa daban ce: ƙasa ta lotsa a hankali, kamar yadda ake gani a birnin Meziko da Jakarta. Abin da ya tabbata yana tada karaya shi ne tura ruwa da ƙarfi cikin zurfi, kamar gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai a Oklahoma ta Amurka, inda aka samu mai maki 5.8 a 2016.

Nakiyar fasa dutse tana girgiza gidajen kusa, tana iya tsaga filasta, amma ana bambanta ta a na'ura: a sama take, da rana lokacin aiki, kuma igiyarta ta P ta fi ta S ƙarfi.

Madatsa kuwa magana ce ta gaske. Nauyin ruwa da kutsawarsa cikin tsagogin dutse suna rage riƙon karaya. Koyna ta Indiya ta jawo girgiza mai maki 6.3 a 1967, an kuma ga irin haka a Kariba ta iyakar Zambiya da Zimbabwe a 1963 da Aswan ta Masar a 1981. Sai dai duka ukun tsayinsu ya haura mita 100, ta Kandaji da ke wajen Ayoru kuwa kimanin mita 30 ce, haɗarin ya yi ƙasa sosai. Duk da haka ƙa'ida ita ce a kafa ƴan na'urori a kewaye shekara ɗaya ko biyu kafin a fara tara ruwa, don a san yadda wurin yake tun asali, sannan a cika tafkin sannu a hankali.

An turo mini saƙo a WhatsApp cewa masana sun ce za a yi girgiza ranar kaza. In yarda?
Wata ɗaliba, Tawa

A'a, ƴar uwa, kuma kada ki tura wa kowa. Babu masanin da ke iya faɗin rana da wuri da ƙarfin girgiza kafin ta zo. A Sin an kwashe mutanen Haicheng kafin girgizar 1975 saboda ƙananan motsin da suka riga ta, aka yi murna an gano hanya. A 1976 ta Tangshan ta zo ba wata alama, ta kashe sama da mutum 240,000. Abin da Japan da Meziko suke da shi gargaɗin ƴan daƙiƙoƙi ne bayan girgizar ta riga ta fara.

Ni magini ne. Tunda haɗarin kaɗan ne, akwai abin da ya kamata in canza a aikina?
Wani magini, Talaje, Yamai

Maigida, ba a ce ka yi gini irin na Japan ba. Abin da ake so shi ne ka cika ƙa'idar da ka riga ka sani, domin ginin da zai jure ƙaramar girgiza shi ne dai wanda zai jure laka mai kumbura da ambaliya.

Gida ya zama a ɗaure. Ɗamarar kankare, wato shenaj, a ƙasa kan harsashi da kuma a sama ƙarƙashin rufi, ta zagaye gidan ba yankewa, ta haɗu da poto, wato ginshiƙin kankare, a kowace kusurwa da duk inda bango biyu suka gamu, tazarar poto kada ta wuce mita 4. Ƙarfe huɗu masu kaurin milimita 10 ko 12, zobba na milimita 6 duk santimita 15 zuwa 20, a matso da su zuwa 10 kusa da mahaɗa. Bakin zobe a lanƙwasa shi ya shige ciki sosai, ba a tsaya a lanƙwasar kusurwa kawai ba, don wanda aka tsayar haka yana buɗewa in an jijjiga. Inda ƙarfe biyu suka haɗu su hau juna tsawon kaurinsu sau 50, wato santimita 60 ga ƙarfe na 12. A kusurwa a lanƙwasa ƙarfen ya shiga ɗaya ɓangaren. Wannan wurin ne aka fi yin ha'inci, kuma nan bango ke rabuwa.

Kankaren poto da dal, wato rufin kankare, buhun siminti 7 ne a mita kubik: kowane buhu baro ɗaya na rairayi, biyu na tsakuwa, ruwa wajen lita 25. Ƙara ruwa don aiki ya yi sauƙi yana cinye ƙarfinsa. Rairayi mai laka a wanke shi ko a canza. Ƙarfe ya samu rufin kankare santimita 3, in ba haka ba tsatsa ta ci shi ta fasa poto. A zafin Yamai a shayar da kankare safe da yamma kwana 7 aƙalla. Bulo kuma, buhun da ya kamata ya ba da 25 zuwa 30 in aka ja shi ya ba da 45, ka san abin da aka samu: bulon da ake murƙushewa da hannu.

Abubuwa biyu sun fi ba mu tsoro a birni. Na farko, bene mai shaguna a ƙasa, gaba duk ƙofofin ƙarfe ba bango, sama kuma ɗakuna masu nauyi. Hawan ƙasan ne ke fara durƙushewa, an ga haka da yawa a Turkiyya a Fabrairun 2023. Na biyu, ƙara hawa a kan harsashin da aka yi don hawa ɗaya. Sai tankin ruwa na lita 1,000, tan guda ke nan, da ake ɗorawa a tsakiyar dal. A kan poto ya kamata ya zauna, a ɗaure.

A ginin ƙasa, nauyin rufi ne ke kisa. Kowace shekara ana ƙara yaɓe a kan soro ba a kankare tsohon ba, azara tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, gara kuma tana cin ta ta ciki. A rage tsohon yaɓe kafin sabo, a ƙwanƙwasa azara a ji ko ta zama holoƙo. Tsayin bango kada ya wuce kaurinsa sau 8. Ƙofa da taga su yi nesa da kusurwa da aƙalla mita ɗaya, faɗinsu duka kada ya wuce sulusin bangon. A ɗora katako ko giginya a saman bango ta zagaye ɗakin, a haɗe kusurwoyinta da ƙusa, azara ta zauna a kanta maimakon ta huda ƙasar bango kai tsaye.

Ka kuma gaya wa masu gidan abin yi in sun ji ƙasa ta motsa. Wanda ke bene kada ya ruga matakala, ya durƙusa ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ya kare kansa har ta lafa. Wanda ke ɗakin ƙasa kusa da ƙofa ya fita tsakar gida, nesa da katanga da wayar lantarki. Bayan ta tsaya a rufe tukunyar gas, kuma kada a koma ɗakin da ya tsage sai an duba shi, domin ƙananan girgiza sukan biyo baya kwanaki ko makonni.